A auna wayar ƙasa ta masana'antunmu da rani

A kowace masana'anta da ke Sharaɗa, Bompai ko Challawa a Kano akwai wata waya da ba ta juya inji, ba ta kunna ko ƙwan fitila. Ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda ke haɗa jikin injuna da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Ranar da wayar wuta ta goge ta taɓa jikin inji, ita ke ba wutar hanya, na'urar kariya ta katse layin nan take. In ta tsinke, hanyar da ta rage wa wutar ita ce jikin ma'aikacin da ya dafa injin. Wutar da ke rikita bugun zuciya kuwa ba ta da yawa, shi ya sa ake saita na'urar kare rai ta katse layi da zarar wutar da ke zurarewa ta kai miliamfiya 30.

Abin da ke damuna shi ne lalacewar wannan waya ba ta da alama. Inji zai yi ta aiki, kaya na fita, alhali haɗin ya mutu tuni. Tsatsa ta ci wurin ɗaurin, ko girgizar inji ta sassauta noti, ko 'yan jari bola sun yanke jan ƙarfen a bayan katanga. Wani lokacin an matsar da inji ne, ko an kawo sabon janareta, aka jona wuta cikin gaggawa aka bar wayar ƙasa tana reto.

Ita kanta ƙasar tana canzawa. Masu aikin wuta kan zuba gishiri da gawayi a ramin sandar don ƙasa ta riƙa karɓar wuta da kyau. Dabarar tana aiki da farko, amma ruwan sama yana wanke gishirin, wanda ya rage kuma yana cin ƙarfen. Awon da aka yi a watan Agusta, ƙasa jiƙe sharkaf, zai fito da kyau. A maimaita shi a Maris ko Afrilu, bayan hunturu da zafin bazara sun busar da ƙasar Kano ƙayau, sai a ga lamba ta daban. Don haka duk masana'antar da ke awo sau ɗaya a shekara, ta yi shi a ƙarshen rani, lokacin da haɗarin ya fi yawa.

Ma'aikata kan riga kowa sani. Za ka ji wani ya ce injin nan yana ɗan jan mutum. Sai a naɗe mariƙin da tsumma, a ajiye katako a riƙa takawa, aiki ya ci gaba, don mai aikin yini yana tsoron a ce gobe kada ya dawo. Wannan ɗan shokin ya isa a kashe injin a kira injiniya.

Masu masana'antu za su ce dizal da kuɗin wuta sun riga sun shaƙe su. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan kuka ba. Sai dai awon aikin sa'o'i ne da na'urar da mutum ɗaya ke ɗauka a hannu, ana iya yin sa ranar hutu, kuɗinsa kuma bai kai na injin da ya ƙone ba, balle rai.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987 da sufetocinta a Ma'aikatar Ƙwadago, akwai hukumar NEMSA da aka ɗora wa alhakin duba kayan lantarki tun 2015. Abin da nake roƙon jami'an nan shi ne kada takardar shaidar da ke maƙale a bangon ofis ta wadatar da su. Su nemi littafin awo: rana, lambar da aka samu a kowane rami, da sa hannun wanda ya auna. Sannan su sa a buɗe murfin rami ko da guda ɗaya ne, a sake aunawa a gabansu.