"Ni Ma Turo Mini Aka Yi"

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku na cikin birnin Katsina da kewaye.

Ranar Juma'ar da ta wuce, ana saukowa daga masallaci, wayata ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Hoto guda ne ke yawo a zaurukan WhatsApp na unguwa da na dangi: wani yaro riƙe da ɗan tsuntsu, a ƙafar tsuntsun da zoben ƙarfe. A ƙasa an rubuta wai an kama tsuntsun leƙen asiri a wajen dam ɗin Ajiwa, don Allah a tura wa kowa. Kafin La'asar labari ya yi ƙiba, wai 'yan bindiga ne ke aiko shi ya gano musu gidajen masu shanu. Kafin Magariba wani ya ɗora murya a kai, yana rantsuwa an ga wanda ya sako shi, har da kwatancen rigarsa da babur ɗinsa.

Da yake yaron ɗan unguwarmu ne, na taka na je na gani. Tsuntsun bai cika tafin hannu ba, bayansa ruwan ƙasa, ƙirjinsa fari-fari. An riga an murɗe masa wuya an yar a gefen kwata. Zoben kuwa ɗan siririn ƙarfe ne, ba batir, ba waya, ba kyamara. Lambobi ne kawai da sunan wani gari na Turai. Shi ke nan abin da ya tada hankalin unguwa guda.

Ɗan ƙanwata ne ya turo saƙon zauren danginmu, yaron da ke jami'a. Na kira shi na ce, "Kai yaron nan, ka ga abin da idonka?" Ya ce, "A'a Kawu, ni ma turo mini aka yi."

Wallahi wannan magana ta fi kisan tsuntsun ƙona mini rai. Ni ma turo mini aka yi! Ita ce yanzu ta zama lauyan kowa. Mai digiri ita zai faɗa, mai shayi ita zai faɗa, Hajiya a cikin gida ita za ta faɗa. Mutum ya danna da yatsansa, ƙarya ta shiga waya ɗari, sannan ya kaɗe riga ya ce ba ruwansa. Kamar mai watsa ruwan wanke-wanke ta kan katanga ne, bai leƙa ya ga wa ke wucewa ba, in an yi magana ya ce ai ba shi ya ɓata ruwan ba.

Zoben nan ba baƙon abu ba ne a duniya. Tun 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba don a san inda suke zuwa in sun yi ƙaura. Har yau haka masu bincike ke yi, kuma ko a nan Najeriya akwai cibiyar nazarin tsuntsaye a Jos da ke wannan aiki. Da wanda ya tsinci zoben ya karanta lambar ya aika, da an san cewa tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a Turai ya iso Katsina lafiya. Minti biyar na tambaya ya isa. Amma ina, tura saƙo ya fi tambaya sauƙi. Ba mu kaɗai ba ne kuma, a 2013 a ƙasar Masar har ofishin 'yan sanda aka kai wani babban tsuntsu dangin shamuwa saboda an ga na'ura a jikinsa, aka ce ɗan leƙen asiri ne. Da aka gane na'urar masu bincike ce aka sake shi, bai daɗe ba wasu suka kama shi suka cinye.

To ku ajiye tsuntsu a gefe tukuna, ku duba mutumin da aka kwatanta rigarsa da babur ɗinsa. A jihar nan tamu, a wannan zamani, a ce da mutum infoma ai an haƙa masa kabari ne. Duk mun san yadda jama'a suka gaji, mun san yadda zuciya ke kusa. Da a ce wani bawan Allah mai irin wannan riga ya biyo ta unguwar da yammacin nan, me kuke zaton zai faru? Wa zai ɗauki alhakin jininsa? Wanda ya ɗora muryar, ko ku ɗari biyun da kuka yaɗa ta? Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A da baki shi ke yanka wuya, yanzu babban yatsa ya karɓi aikin.

Kada wani ya ce ni maƙiyin waya ne. Saƙon tes na farko a duniya an aika shi a Ingila a watan Disamba na 1992, mu kuma wayar salula ta iso mana a 2001, kuma wanda ya san zamanin da ake ba direban mota wasiƙa ya kai Legas ya san ni'imar da Allah Ya yi mana. Ɗan kasuwa na zaune a Ƙofar Ƙaura ya san farashin masara a Dandume. Uwa ta ji ɗanta ya sauka lafiya. A sanar da jana'iza cikin minti guda gari ya cika. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, su Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, ai mun ga yadda mutane ke shiga mota su yi doguwar tafiya don kawai su aika saƙo guda ko su ga alat ɗin banki. Ba mai musun amfaninta.

Amma ku tuna 2014, lokacin Ebola. Cikin dare guda saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye suka tashi 'ya'yansu da tsakar dare. Mutum biyu aƙalla suka mutu, wasu da dama suka kwanta asibiti, ba don Ebola ba, don gishiri. Duk wanda ya tura saƙon nan da kyakkyawar niyya ya tura, kuma kowannensu turo masa aka yi. A Indiya jita-jitar masu satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta sa an kashe mutane da dama a 2018, har kamfanin da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kacal a lokaci guda. Ku duba fa, masu abin sun ji tsoron abinsu, mu da muka saye shi da kuɗinmu ko a jikinmu.

Abin kunya, mu ne masu Suratul Hujurat. Allah Ya ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, don kada ku cutar da wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Kuma ku koma Suratun Naml. Alhudahuda, tsuntsu, ya zo wa Annabi Sulaiman da labarin Saba'a, yana cewa labari ne tabbatacce. Annabin Allah bai tura wa kowa ba. Ya ce za mu duba, gaskiya ka faɗa ko kana cikin maƙaryata, sannan ya ba shi wasiƙa ya kai. Mun haddace ayoyin nan tun muna Islamiyya, muna ma sa su a sitatus da kyakkyawan rubutu. Daga an ce "tura wa mutum goma ka ga abin mamaki" sai hadda ta gudu.

Ba zan ma tsaya kan sauran ba, don in na fara ba zan gama ba. Mai sakin matarsa ta tes yana zaune a majalisa. Mai nuna wa tsohuwa mai sayar da ƙosai alat ɗin ƙarya. Ɗan acaɓa da hannu ɗaya a kan babur, ɗaya yana rubutu, ga mace da goyo a bayansa. Wanda maƙwabcinsa ya rasu, katanga ɗaya ce tsakaninsu, ya aika hoton hannu biyu na addu'a ya ce ya yi ta'aziyya. Haba jama'a! Ba zumunta a ƙafa take ba?

Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne, a jikin ɗan tsuntsun nan akwai labarin gaskiya da ya shafe mu, amma ba wanda zai tura shi saboda ba ya tada hankali. Kowace shekara in sanyi ya kama a Turai, miliyoyin irinsa na tsallako teku, su ƙetare hamadar Sahara mai faɗin kusan kilomita 2,000, ba ruwa ba inuwa. Wurin farko da suke samun ganye da ƙwari shi ne nan wajenmu. Gawon da ke gonakin kakanninmu, wanda ke yin ganye da rani ya zubar da damina, da bagaruwa da aduwa, su ne masaukinsu. Manyan tsuntsayen ruwa kuma su wuce dausayin Haɗeja da Nguru, su Dagona a jihar Yobe, ko tafkin Chadi. A nan suke cin abinci su tara kitsen da za su koma da shi wajen Maris da Afrilu.

To masaukin yana lalacewa. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye har ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun fari. Dausayin Haɗeja da Nguru ya ragu tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Lokacin da ruwan sama ya yi ƙaranci a yankinmu a 1968, shekarar da ta biyo masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Bai koma gida ba, a nan ya mutu. Tsuntsu ya riga mu jin farin da ya zo ya cinye dabbobin iyayenmu a 1973. A can Turai kuma zafi na saurin shigowa yanzu, tsutsotsin da tsuntsayen ke ciyar da 'ya'yansu da su na fitowa da wuri, tsuntsu ya iso a lokacin da ya saba ya tarar an tashi daga walima. A wasu dazuzzukan Holan wani nau'in ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a shekara 20 saboda haka. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na Fabrairun 2024 ya ce cikin dabbobi masu ƙaura da ake sa wa ido, kashi 44 cikin 100 na raguwa, fiye da ɗaya cikin biyar kuma na fuskantar ƙarewa.

Wannan sauyin yanayin da ke kashe su shi ne ke sa damina ta makara manomi ya yi shuka biyu, shi ne ke sa in ruwan ya tashi zuwa ya zo da fushi, irin ambaliyar Jibiya ta 2018 da ta ci rayuka sama da 40. Mu kuma muna taya shi, kullum motocin itace da buhunan gawayi na shigowa gari, wanda ya sare gawo bai dasa ko darbejiya ba. Wa ya taɓa turo muku wannan a zauren unguwa? Hukumar hasashen yanayi na fitar da bayanin damina kowace shekara, ranar da ake sa ran saukar ruwa da ranar ɗaukewarsa, ban taɓa ganin an rubuta "don Allah a tura wa kowa" a ƙarƙashinsa ba. Amma a ce an ga aljani a Ƙofar Marusa, kafin ka gama alwala ya isa Funtuwa.

Allah Ya jiƙan mutanen da. Kakanninmu ba su da waya amma suna da ido. In suka ga shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka ta fara sheƙa a kan tsamiya, sai a fito da iri a gyara fartanya, an san ruwa ya kusa. Yaro bai isa ya jefe ta ba, dattijon da ya gan shi zai ja masa kunne ko ba ɗansa ba ne, don baƙuwa ce, kuma ita ke cinye fara a gona. Yau ka tambayi saurayi yaushe rabonsa da ganin shamuwa, bai sani ba, don kansa a sunkuye yake. Ungulun da ke cika mahauta ma sun ɓace, an ƙarar da su da guba da neman asiri, ba wanda ya lura. A da in mutum ya kawo labari majalisa sai an tambaye shi, wa ya gaya maka, kana wurin? In aka kama shi da ƙarya sau ɗaya, ya shekara ana yi masa dariya, ko gaskiya ya faɗa sai an ce a jira wani ya tabbatar. Wannan kunyar ce ta mutu. Yanzu mutum ya yaɗa ƙarya da safe, a ƙaryata da rana, da daddare ya sake turo wata ko afuwa bai nema ba, har a ba shi admin.

Ƙannena, ban ce ku jefar da waya ba, ku dai ji tsoron Allah da yatsunku. Gani ya kori ji, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Shi ɗan ƙanwar tawa da duk wanda muke zaure ɗaya da shi, ku shaida: daga yau wanda ya turo labari, a gaban kowa zan tambaye shi inda ya samo. In ya ce mini shi ma turo masa aka yi, zan ce ya ba ni lambar wanda ya turo masa, in kira shi shi ma, ko da kuwa surukina ne.