Masu Kayan Famfo, Ku Daina Sayar Mana Da Bawul Ɗin Ruwa A Zuwan Na Dalma

Akwai wata ɗabi'a a shagunan kayan famfo da ta kai ni maƙura. Duk abin da ka tambaya amsar ɗaya ce: "Zai yi, Alhaji." Ka ce na ruwan zafi kake nema, zai yi. Ka ce na narkakkiyar dalma, zai yi. Mutumin da bai taɓa tsayawa a gaban tukunyar dalma ba, bai san turirinta ba, shi ne zai rantse maka da girman Allah cewa kayansa na jure wuta.

Sana'ata zuba dalmar da ake ɗaura wa tarun kamun kifi ce, birgi da koma, masunta daga Yauri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji su ne masu sayen kayana, wani lokaci kuma masu gyaran batir su kawo aikin kan batir. Mu da muka bar ludayi muka koma tukunya mai zuba ta ƙasa, ba don gayu muka yi ba. Dalma nauyi gare ta, lita ɗaya ta haura kilo 10, saboda haka duk datti da toka sama suke tasowa, tatacciyar tana ƙasa. In ka buɗe mata hanya ta gindi, mai kyau ce ke shiga mazubi, hannunka kuma ya huta. Amma duk wannan nauyin a kan ƙofa ɗaya yake zaune, kuma ita ce ake mana wasa da ita.

Na aiki yaron shagona ya nemo abin da za mu ɗaura a sabuwar tukunya. Mai shago ya ɗauko masa bawul mai jan hannu, yana ta walƙiya, ya nuna masa lambar da ke jiki ya ce, "Ka gani, 600. Dalma a nawa take narkewa? To wannan ya ninka ta." Ƙarya ce tsagwaronta. Lambar 600 da ke gefen haruffan WOG ba zafi take aunawa ba, matsi ne, wato ƙarfin turin ruwa, mai ko gas da bawul ɗin zai ɗauka, shi ma kuma in abin da ke bi ta ciki bai da zafi. Ko dai mai shagon bai sani ba, ko ya sani ya take. Duk biyun babu na zaɓe.

Dalma tana narkewa a digiri 327, amma ba wanda ke zuba ta a nan, don tana taɓa mazubi za ta daskare. Sai an kai ta wajen 370 zuwa 400. Shi kuwa bawul ɗin famfo, ƙwallon da ke cikinsa a kan farar roba ta Teflon yake zaune, irin ta farin tef ɗin da masu aikin famfo ke naɗawa a zare. Wannan robar da ta wuce 260 ta fara lalacewa, a 327 ta narke, daidai inda dalma ke fara zama ruwa. Hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Baƙar robar da ke wuyan wasu ma ba a maganarta.

A ce gangar jikin tagulla ce ta gaske, ba za ta narke ba, sai dai dalmar da ke da kuza a ciki tana kama tagulla tana cin ta a hankali, shi ya sa ma ake liƙin tagulla da ita. To ina ma tagullar? Yawancin masu arahar nan haɗin tutiya ne aka shafa wa launi, ganin kitse ake wa rogo. Irin wannan haɗin a wajen digiri 385 yake narkewa, cikin zafin da muke aiki kullum. Kuma in tutiya ta shiga tukunya ta gama da kai: dalmar ta yi gudaji, ta ƙi cika mazubi, kayan kuɗi masu yawa su tashi aiki.

Wanda yaron ya sayo muka ɗaura bai kai azahar ba. Ɗiga ya fara, sannan ya saki gaba ɗaya, dalma ta malale a ƙasa, Allah ne ya tsare ƙafar yaron. Da akwai danshi a wajen da labarin ya sha bamban, don ruwa in ya haɗu da narkakkiyar dalma nan take yake zama tururi ya watsa ta a fuskar mutum.

Abin haushin shi ne maganin ba tsada gare shi ba. Tukwanen da kamfanonin Amurka ke sayarwa don wannan aiki, irin na Lee da Lyman da RCBS, babu mai bawul a waje. Sandar baƙin ƙarfe ce mai fiƙaƙƙen baki, tana tsaye a cikin dalmar, bakinta ya toshe ramin gindi daga ciki. Ka ɗaga hannu ta zuba, ka saki nauyin sandar ya rufe. Babu roba, babu tagulla. Kuma da yake ƙofar na cikin zafi, dalma ba ta cika daskarewa a maƙogwaronta ba, wanda shi ne ciwon duk wani bawul na waje ko da na tsada ne: sai ka bi shi da wuta kafin ya buɗe. Su ma masu sandar sukan yi ɗiga in datti ya maƙale a baki, sai a murza sandar ta zauna, a kuma ajiye kaskon ƙarfe a ƙasa wanda zai ɗauke duk abin da ke tukunyar. Mai walda da mai injin fiƙe ƙarfe a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za su haɗa maka wannan a yini guda, muddin ka hana su bututun ruwa mai rufin tutiya.

Dalmar da ta zube kuma ba asarar kuɗi ce kawai ba. Sai an kankare ta, an share, ƙurarta ta bi riga da takalmi har gida inda yara ke rarrafe. A 2010 ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki ɗigar tukunya abin wasa ba.

Na koma shagon da ƙonannen bawul ɗin a leda. Mai shagon ya juya shi, ya ce, "Ai Alhaji wuta kuka cika masa." Na ce to dalma da ƙanƙara ake narka ta? Sai ya nuna mini ƙasan rasit, inda aka rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Kuɗin bawul ɗin bai dame ni ba, na bar masa. Ina tsaye a wajen wani ya shigo neman na tukunyar tafasa kwalta, mai shagon ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko masa irinsa.