Ceuta da Melilla: Iyakar Turai a Kan Ƙasar Afirka

Idan ana lissafa ƙasashen da suka ratsa nahiyoyi biyu, Turkiyya da Masar da Rasha ake fara ambata, ba kasafai ake tuna Sifaniya ba, alhali tana riƙe da birane biyu a gaɓar arewacin Afirka, wato Ceuta da Melilla. Fotugal ce ta fara ƙwace Ceuta a 1415 kafin birnin ya koma hannun Sifaniya, ita kuwa Melilla tun 1497 take ƙarƙashinta. Har gobe Moroko na cewa biranen nata ne, amma a halin da ake ciki su ne manyan wuraren da Tarayyar Turai ta haɗa iyaka ta tudu da Afirka.

Abin da ya kamata ya ɗauki hankalinmu shi ne yadda ake tafiyar da wannan iyaka. An zagaye biranen da shingen waya mai tsayin mita 6 zuwa sama, ga kyamarori da masu gadi dare da rana. A ranar 24 ga Yunin 2022, aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Melilla bisa ƙididdigar hukumomin Moroko, yawancin waɗanda suka yi yunƙurin tsallakewa kuma 'yan Sudan ne. Shekara guda kafin nan, da dangantaka ta yi tsami tsakanin Rabat da Madrid kan batun Yammacin Sahara, yankin da Moroko ke iƙirarin mallaka, Moroko ta sassauta tsaro, dubban mutane suka kwarara cikin Ceuta a kwana biyu. Wannan ya nuna ƙarara cewa gwamnatocin ɓangarorin biyu sun mai da talakan da ke neman mafita abin ciniki a tsakaninsu.

Sai dai mashigin tekun Jibralta da ya raba Moroko da Sifaniya, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi tsukewa, a buɗe yake ga duk abin da Turai ke buƙata. Wayoyin lantarki na ƙarƙashin teku sun haɗa Moroko da Sifaniya, motocin da ake haɗawa a Tanja na fita ta tashar jiragen ruwa ta Tanger Med, kuma a 2030 ƙasashen biyu tare da Fotugal za su karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya. Can gabas kaɗan, bututun Medgaz na kai iskar gas daga Aljeriya zuwa birnin Almeria na Sifaniya.

Babu mai musun cewa kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta. A ganina kuskuren shugabannin Afirka shi ne amincewa da suka yi a riƙa tattauna gas daban, batun biza da zirga-zirgar jama'a daban, kamar ba abokin ciniki ɗaya ake magana da shi ba.

Nijeriya da Nijar na da ruwa da tsaki a nan. Tun 2016 ake maganar bututun gas daga Nijeriya zuwa Moroko, ga kuma wanda aka tsara zai ratsa Nijar zuwa Aljeriya, dukkansu da kasuwar Turai a ido. Kafin a sa hannu kan farashi, ya dace masu wakiltarmu su nemi a rubuta adadin bizar aiki da ta karatu a cikin yarjejeniyar, domin matashin da zai samu takarda a Abuja ko Yamai ba shi da dalilin bin hanyar Agadas.