Sigarin lantarki ba ya buɗe kai, kama shi yake yi

Shekara shida ke nan ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila. Wajen ƙarfe uku, lokacin da barci ke neman kayar da mutum a tsaye, abokan aikina kan zame bayan gini ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan sigarin lantarkinsa a tafin hannu. Tururin ba ya warin taba, ƙamshin mangwaro yake yi ko na kankana. Suna dawowa sai su ce kai ya buɗe. Na saba gani har na daina lura.

Zuwana Bauchi bara ne ya tayar mini da hankali. Ɗan yayata, da ke shekararsa ta ƙarshe a jami'a, ya kai ni ɗakin da yake haya a Yalwa. A kan tabarma ga takardu a baje, ga fitilar caji, ga kuma irin abin nan, shuɗi, kamar ƙaton alƙalami. Na ɗaga na dube shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba taba ba ce fa. Sai na zuƙa karatu yake zama." Yaron da ko goro ba ya iya ci saboda ɗaci!

Na san ba ƙarya ya yi mini ba, abin da yake ji ya faɗa. Nikotin, sinadarin taba da ke cikin ruwan abin, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai sa jin daɗi, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya ɗan hau, mutum ya ji ya wartsake. Amma cikin awa biyu ko makamancin haka rabinsa ya bar jini. Ƙwaƙwalwar da ta riga ta saba sai ta shiga nema: ga ƙunci, ga saurin fushi, ido na kan layi ɗaya amma hankali ya tafi Wunti. A sake zuƙa, natsuwa ta dawo, a gode wa abin. Alhali shi ya tura ka rijiyar kafin ya miƙo maka igiya. Ga shi yana ɓata barci, kuma ɗalibin da bai yi barci ba, abin da ya karanta jiya ba ya zama. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa matashi ya fi saurin kamuwa.

A nan Ingila hukumar lafiya ta NHS tana ba masu shan taba shawarar su koma wa na lantarkin don su samu su daina, tunda ba shi da kwalta da gubar hayaƙin da ƙona ganye ke fitarwa. Amma ta faɗa ƙarara: wanda ba ya shan taba, kada ya fara wannan. Doka ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18, ta taƙaita nikotin a miligiram 20 cikin kowane mililita, kuma daga 1 ga Yunin 2025 an haramta irin wanda ake zuƙa a jefar. Duk da wannan tsaro, yaran makaranta suna samu.

To ina ga namu? Wanda na ɗauka a ɗakin yaron an rubuta 5% a jikinsa, wato miligiram 50, ninki biyu da rabi na iyakar Ingila. Ta WhatsApp ya saya. Babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Daga 2019 zuwa farkon 2020 mutum fiye da 2,800 aka kwantar a asibitocin Amurka da ciwon huhu, 68 suka mutu, yawancinsu daga ruwan zuƙa na bayan fage mai sinadarin wiwi da aka gauraya da wani man bitamin E. A Najeriya muna da dokar taba ta 2015 wadda ta hana sayar da sigari kara-kara, amma je ka wajen kowane mai tireda ka gani. Kodin ma sai da ya cinye mana matasa kafin aka haramta maganin tarin a 2018.

Ban ƙwace abin ba, don na san zai sayi wani. Na zauna na yi masa bayanin nan, na ce ya jira ya gani idan ya bari. Bayan na dawo ya kira ni. Ya ce kwana uku na farko kansa kamar zai tsage, ya yi faɗa da abokin ɗakinsa a kan guga. Sau biyu ya koma. Yanzu ya ce bayan sallar asuba yake karatunsa, da kofin shayi, kuma har yau idan ya ji ƙamshin kankana sai yawunsa ya tsinke.