A fara da tauraro, jigo zai fito da kansa

A ajin makaranta ko a zauren marubuta na WhatsApp a nan Tawa, da an tambayi jigon gajeren labarin da ya shafi gida, amsar da aka fi ji ita ce "zumunci". Wannan amsa ba ta isa ba. Zumunci batun labarin ne kawai. Jigo shi ne abin da marubuci ya ce game da zumuncin, kuma sai ya cika jimla guda wadda wani zai iya tashi ya musa. Hanyar kaiwa ga jimlar nan ta kan taurari take bi, shi ya sa nake ganin kuskure ne a sa ɗalibi neman jigo tun bai san mutanen labarin ba.

Mu ƙaga misali daga abin da kowane gida a Adar ya sani, wato cin rani. Babban wa yana Abijan, ya aiko jika ɗari biyu a yi wa ɗakin tsohuwarsu rufin kwano kafin damina. Ƙanen da ke gida ya kashe rabin kuɗin a asibiti, matarsa ta sha wuyar haihuwa. Ruwan farko ya sauka, ɗaki yana yoyo, wa kuma yana kan hanya.

Karatun farko a yi shi a jere, ba biro a hannu. A na biyu a rubuta abu uku gaban sunan kowane mutum: me yake so, me ya tare shi, me ya rasa kafin labari ya ƙare. Labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, irin tsawon da gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, takan nema, da wuya ya ɗauki fiye da mutum uku masu nauyi da shawara guda mai juya al'amari. Sai a nemo wanda ya yanke ta. Idan tsohuwar ce ta tari babban ɗanta a ƙofa ta ce, "Ni na ce a dakata da rufin," to ita ce babbar tauraruwa, ko da layi biyu kawai ta yi magana. A nan ɗalibai ke faɗuwa, don sukan zaɓi wanda sunansa ya fi yawa a shafi. Daga shawararta jigo ke fitowa: uwa takan ɗauki laifin da ba nata ba don kada ƴaƴanta su raba gari, kuma ita ke kwana cikin yoyon.

Halin tauraro a gidan Bahaushe ya fi bayyana a abin da bai faɗa ba. Uwar da ba ta kama sunan ɗan farinta alkunya take yi, mai nazarin da ya rubuta cewa ba ta ƙaunarsa ya ɓata feɗarsa tun daga tushe. Ƙanen da ya saba cewa "Yaya", ran da ya kira wansa da suna gatsau, an yi ɓaraka ko da marubuci bai ambaci fushi ba. Haka baƙar magana tsakanin taubasai ko kaka da jika wasa ce, wasan taubasantaka ma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. Abin lura shi ne lokacin da wasan ya tsaya.

Wajen hoto cikin bayani, wato siffanta abu da kalmomi har mai karatu ya gan shi a zuci, an saba farautar kalmar "kamar" a jera kamance guda biyar a ce an gama. Hoton da ke aiki shi ne abin da ya dawo a labari ma'anarsa ta sauya. A ce tasa ce aka tara wa yoyo. Da farko talauci take nunawa. A tsakiya, ƙanen yana zubar da ruwanta da asuba don kada maƙwabta su gani, ta koma kunyarsa. Gwajin mai sauƙi ne: a cire tasar a sake karantawa. In labarin bai rasa komai ba, ado ce kawai. Abin da ya fito sau ɗaya kuwa kada a ɗora masa nauyin alama. Akuyar da ke tsakar gida sau da yawa akuya ce kurum.

Wannan ma'auni yana kama marubuta ma. Kishiya ko ɗan uban da aka yi mugu ba dalili, gaban sunansa za a tarar layin "me yake so" fayau, kuma labarin da ya jingina da shi dole ya ƙare da wa'azin liman ko na kawu, domin taurarinsa ba su ɗauko jigon ba. Mai gyaran irin wannan rubutu ya shafe sakin layin nasihar, ya ba mugun buƙata guda da mai karatu zai gane, ko gadon gona ne ko kuɗin makarantar ɗansa, sannan ya sake rubuta haɗuwarsu ta ƙarshe.