Kafin a yi gardamar arhar data, a tambayi inda sabis yake kaiwa

Duk majalisar da aka taɓo zancen layukan waya, gardamar ba ta wuce wa ya fi arhar data. Wannan ya ce Glo ya fi sakin hannu, wancan ya ce MTN akwai tsada amma yana shiga lungu, wani ya rantse shi da Airtel mutu ka raba. A ganina an ɗauko zancen ne ta wutsiya. Farashi yana da muhimmanci, amma sai layi ya kama a inda mutum yake kwana da inda yake neman abinci kafin a zo kan nawa ake sayar da shi.

Da Babbar Sallar da ta wuce na je ƙauye gaida ƙanwar mahaifiyata. Na tarar da ƙaramar wayarta mai madannai a cikin wani tsohon kwano a kan katanga, an kife faifai a kai saboda rana. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗan nan, ai nan ne kaɗai take kamawa. In za ka kira ni, ka bari sai bayan la'asar, lokacin ina tsakar gida, zan ji kukanta." Layuka biyu ne a wayar, jikokinta suka sa mata, kuma kowanne sai an sa masa kati, domin ba a san wanda zai tashi yau ba. Tsohuwar da kuɗin shigarta bai wuce na ƙuli-ƙuli da daddawa ba tana ciyar da kamfanoni biyu don ta samu aikin ɗaya. Wannan kuɗin ba ya fitowa a kowane jadawalin farashi da ake tallatawa.

Ba na musun cewa gasa ta yi mana rana. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan 2001, layi kaɗai ya kai naira dubu 20, kira kuwa naira 50 ne minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Zuwan Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ne ya tilasta wa sauran sauka. Econet ta yi ta sauya hannu da suna har ta zama Airtel a 2010, Etisalat ta shigo a 2008, ta koma 9mobile a 2017. Yau kusan rabin layukan ƙasar nan na MTN ne, Airtel na da wajen kashi ɗaya cikin uku, ragowar biyun suna raba abin da ya saura. Wannan rabon da kansa amsa ce: mutane sun fi bin wanda turakun sadarwarsa suka fi yawa, ko da ba shi ne mai arha ba.

Sai dai gasar a birni ta yi zafi. Turken sadarwa ba ya aiki da iska. Yawancinsu janareta ne ke riƙe da su dare da rana, sai an kai dizal, sai an biya mai gadi, sai an maye batiran da ɓarayi suka kwashe. Kamfani zai yi lissafi: turke ɗaya a Sabon Gari ta Kano zai mayar da kuɗinsa da wuri, turke ɗaya a ƙauyen da hanyarsa ke yankewa da damina, ga fargabar 'yan bindiga, ba zai mayar ba. Shi ya sa tun 2022 ake zancen 5G a manyan birane, alhali akwai garuruwan da kiran murya ma sai an hau tudu.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna watan Satumban 2021, da aka rufe sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Mutane sun riƙa biyan kuɗin mota zuwa maƙwabtan jihohi don kawai su ce wa 'yan'uwa suna raye. Ko kuma farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da ciniki ya koma transfa. Na tsaya a gaban wani mai POS a kasuwar mako, ga layin mutane, shi kuma yana ta cire wannan sim yana sa wancan, yana ɗaga na'urar sama. An cire wa wani dattijo kuɗin akuyarsa daga asusun mai saye, alat bai shigo ba, mai saye yana son tafiya da akuya. Har aka kira magariba suna nan tsaye.

A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, karo na farko tun 2013. Hujjar kamfanonin ba ƙarya ba ce: naira ta faɗi, kayan aikinsu da dala ake sayowa, dizal ya yi tsada, masu aikin hanya suna yanke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Na yarda. Amma an haɗa ƙarin da alkawarin gyara, kuma farashin bai bambanta mutumin Abuja da ƙanwar mahaifiyata ba. Kuɗi ɗaya suke biya, aiki ba ɗaya suke samu ba.

Ga mai shirin zaɓen layi, shawarata kada ya bi talla. Ya tambayi mai shayin unguwa, da mai cajin waya, da mai POS, su ne suka san layin da ke ɗaukewa da an yi hadari. Ya ari wayar maƙwabci ya gwada a cikin ɗaki, da daddare, lokacin da kowa ya hau. In ya zo kan data, ya duba kwana nawa take yi kafin ta ƙone, kuma nawa ne a ciki sai tsakar dare ake iya amfani da shi. Mutane da yawa ba su san cewa tun Afrilun 2013 ana iya komawa wani kamfani ba tare da an rasa lamba ba, haka kuma idan kamfani ya ƙi sauraron koke ana kiran NCC kyauta a 622.

Amma sauya kamfani gatan wanda yake da zaɓi ne. Inda turke ɗaya ne tal, nauyin yana kan hukuma. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin kai sabis inda riba ba za ta kai kamfani ba, ya kamata a riƙa faɗa mana garuruwan da kuɗin ya shiga, da sunansu. Ya kamata kuma a wajabta wa kamfanoni su bar layin abokin gasa ya hau turkensu a karkara, su sasanta lissafi a tsakaninsu, yadda sim ɗaya zai wadatar. Rahoton ingancin sabis kuwa kada ya tsaya a shafin intanet da Turanci. A karanta shi a gidajen rediyon jihohi da Hausa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a faɗi kamfanin da ya cika alkawari a Bakori ko Gumi da wanda bai cika ba.