Mai zuba jari Najeriya yake fara dubawa kafin Gombe

Wani labari da na karanta ya ce tunda Gombe na zaune lafiya, masu zuba jari daga waje za su yi ta kwararowa. Muhimmancin tsaro kam babu musu, duk wanda ya tuna shigar Boko Haram garin Ashaka na jihar Gombe a 2014 ya san haka. Amma mai kawo dalarsa, Najeriya baki ɗaya yake fara aunawa. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Wanda ya shigo da dala, ya sayar da kayansa da naira, me zai rage masa ranar da zai mayar da riba gida? A 2023 ɗin ne kamfanin Procter & Gamble ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar nan. Ni harkar riɗi nake yi, na taɓa zagayawa da wani baƙo mai son kafa injin tacewa. Maganar 'yan bindiga sau ɗaya ya yi. Awa nawa ake samun wuta, shingen haraji nawa mota za ta wuce kafin Legas, in gwamnati ta canza takardar filinsa za ta tsaya? Yana tambaya yana rubutawa a ɗan littafinsa, abin ya tsaya min a rai. In wani ya kawo misalin Kolmani, wurin haƙar mai da ke iyakar Gombe da Bauchi, tun Nuwamba 2022 Buhari ya ƙaddamar da haƙar man, ina matatar da aka yi mana alkawari?